Limami ko jakada: wa za a kira ya raba faɗan?

A ƙarshen Disamba 1978, saura ƙiris Ajantina da Chile su gwabza yaƙi a kan wasu ƙananan tsibirai uku, Picton da Nueva da Lennox, da ke mashigin ruwan Beagle a ƙuryar kudancin nahiyar Amurka. Ba wai ba a bi shari'a ba. Alƙalai biyar na ƙasa da ƙasa sun zauna, a 1977 suka ce tsibiran na Chile ne. Janar-janar ɗin da ke mulkin Ajantina suka ce hukuncin bai hau kansu ba, suka tura jiragen ruwan yaƙi kudu. Ana cikin haka Fafaroma John Paul na Biyu, wanda watansa biyu kacal da hawa, ya aiko da wani dattijo, Kadinal Antonio Samorè, ya yi ta kai-komo tsakanin Buenos Aires da Santiago. Bai zo da soja ba, bai zo da kuɗi ba. Amma a Janairun 1979 ƙasashen biyu suka sa hannu a Montevideo cewa ba za su ɗaga makami ba, kuma sun miƙa maganar ga Fadar Batikan.

Wanda ya ji wannan labari shi kaɗai zai ce ai magana ta ƙare, in faɗa ya tashi a nemo mai carbi. Sai dai akwai labarai da yawa da suka ƙare ta wata fuska. Duk wanda nauyin neman mai shiga tsakani ya hau kansa, shugaban ƙasa ne ko jagoran 'yan tawaye ko ƙungiyar ƙasashen yanki, ƙofa biyu ce a gabansa. Ko ya ƙwanƙwasa ta mutumin addini, wanda jarinsa kwarjini ne da amana, ko ta jakadan wata babbar ƙasa ko na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aljihunsa na dama tallafi ne, na hagu takunkumi. Da na bi tarihin sulhu na shekaru hamsin ɗin nan, abin da na tarar ya saɓa wa abin da na zata tun farko.

Abin da mai carbi ke iya yi

Me ya sa Ajantina ta janye? Janar ba ya iya ja da baya a gaban janar ɗan'uwansa, don mutanensa za su ce ya ji tsoro. A gaban Fafaroma kuwa yana iya sunkuyar da kai girmansa bai zube ba, tunda akasarin jama'ar ƙasashen biyu 'yan Katolika ne. Rufin asiri ke nan, kuma shi ne babban abin da mutumin addini ke sayarwa a kasuwar sulhu. Amma kada a yi saurin tafi. Da Fafaroma ya gabatar da shawararsa a Disamba 1980, Chile ta karɓa, Ajantina ta yi ta jan ƙafa. Samorè ya rasu a 1983 bai ga ƙarshen aikinsa ba. Sai da Birtaniya ta fatattaki sojojin Ajantina a yaƙin Falkland na 1982, mulkin soja ya faɗi, sabon shugaba Raúl Alfonsín ya kai maganar ga ƙuri'ar raba gardama a Nuwamba 1984, fiye da kashi 80 cikin 100 suka amince, sannan aka sa hannu. Fafaroma ya riƙe hannun masu faɗa na shekara shida har siyasa ta sauya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma ba shi ya sauya siyasar ba.

Mozambik ce misalin da aka fi kafa hujja da shi. Yaƙin gwamnatin Frelimo da 'yan tawayen Renamo ya ci kimanin mutum miliyan ɗaya. Ƙungiyar Sant'Egidio, wadda wasu matasan Katolika suka kafa a birnin Rum a 1968 don hidimar talakawa, ta daɗe tana kai agaji ƙasar, don haka kowane ɓangare ya san fuskarta. Daga Yuli 1990 zuwa 4 ga Oktoba 1992 aka yi zama goma sha ɗaya a hedikwatarta. Wata ashirin da bakwai! Wane ministan waje ne ke da wannan haƙuri, alhali zaɓe na jiransa a gida? Mutumin addini ba ya da wa'adin mulki, ba ya neman taken jarida, kuma yana iya zama da wanda duniya ta tsana, don aikinsa ke nan tun asali.

Sai dai a duba su wa ke teburin. Masu shiga tsakani huɗu ne: Andrea Riccardi da Matteo Zuppi daga Sant'Egidio, Babban Bishop Jaime Gonçalves na Beira, da Mario Raffaelli, wakilin gwamnatin Italiya. Yaƙin cacar baka ya ƙare, masu ɗaure wa ɓangarorin gindi daga waje sun janye hannu, fari ya gallabi ƙasar. Bayan shugaban ƙasa Joaquim Chissano da jagoran Renamo Afonso Dhlakama sun sa hannu, dubban dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka sa ido kan kwance ɗamara, aka kuma kafa asusu don Renamo ta rikiɗe ta zama jam'iyya, har aka yi zaɓe a Oktoba 1994. Coci ta ba da ɗaki da haƙuri, ƙasashe suka biya kuɗin.

Ga abin da ya ba ni mamaki. A Beagle da Mozambik, inda masu carbi suka fi cin nasara, ba kan addini ake faɗa ba. Ɗaya rikicin kan iyaka ne, ɗayan na mulki. Shi ya sa kowa ya yarda mai shiga tsakanin ba shi da rabo a cikin abin da ake ja-in-ja a kansa. Da ƙungiyar Sant'Egidio ɗin nan ta gwada a Aljeriya, labari ya sha bamban. Bayan sojoji sun soke zaɓen da jam'iyyar FIS ta masu kishin Islama ke kan hanyar lashewa a farkon 1992, ƙasar ta afka cikin zubar da jini. A Janairun 1995 jam'iyyun adawa, har da FIS, suka hallara a Rum suka amince da wata takardar mafita. Gwamnatin Aljeriya ta yi fatali da ita, ta kira ta shisshigi. Ƙungiyar ba ta da abin da za ta tilasta wa kowa da shi, kuma babu babbar ƙasar da ta tsaya wa takardar. Aka ci gaba da kashe-kashe na shekaru.

Tsarkin wuri ma bai isa ba. A Oktoba 2006, cikin Ramadan, malaman Sunna da Shi'a na Iraƙi suka haɗu a Makka ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, suka rattaba hannu kan haramcin jinin Musulmi. Gawarwaki ba su daina bayyana a titunan Bagadaza ba. A Fabrairu 2007 Sarki Abdullah na Saudiyya ya tara Fatah da Hamas a Makka, aka kafa gwamnatin haɗin kai. Amurka da Isra'ila suka ƙi hulɗa da ita, batun wa ke riƙe da jami'an tsaro kuma ba a warware shi ba, zuwa Yuni an yi ta ɓarin wuta a Gaza. A Afrilu 2019 Fafaroma Francis, tsoho mai ciwon ƙafa, ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun shugaban Sudan ta Kudu Salva Kiir da abokin hamayyarsa Riek Machar yana roƙonsu su riƙe zaman lafiya. Na yarda hoton ya girgiza duk mai imani. An kafa gwamnatin haɗin gwiwa a Fabrairu 2020, amma zaɓe sai ɗage shi ake yi, a Maris 2025 kuma aka yi wa Machar ɗaurin talala. Kunya tana aiki a kan mai jin ta, kuma ko shi na ɗan lokaci ne, in yana ganin ajiye bindiga daidai yake da miƙa wuya ga wuƙa.

Abin da jakada ke iya yi

Jakada ba ya roƙo, ciniki yake yi. A Satumba 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya kulle Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila a Camp David kwana goma sha uku. Masar ta karɓi Sinai daga hannun Isra'ila zuwa 1982, aka girke rundunar sa ido ta ƙasa da ƙasa a can, Amurka kuma ta ɗauki nauyin tallafi, wanda na sojan Masar kaɗai ya daɗe yana kan dala biliyan 1.3 a shekara. Yarjejeniyar ta haura shekara arba'in, ta tsallake kisan Sadat a 1981 da sauye-sauyen gwamnati a Alƙahira. Babu soyayya a cikinta. Kowane ɓangare dai ya san abin da zai rasa in ya karya ta. Su ukun nan duk masu riƙo da addini ne, amma maganar Ƙudus ajiye ta suka yi gefe, aka yi musayar wasiƙu kowa ya faɗi matsayinsa.

Bosniya ta fi nuna ƙarfin wannan hanya da kuma illarta. Bayan kisan kiyashin Srebrenica a Yuli 1995, inda aka hallaka Musulmi maza da yara kimanin 8,000, wa'azi ba zai tsayar da komai ba. Jiragen NATO suka yi luguden wuta a kan sansanonin Sabiyawa, jakadan Amurka Richard Holbrooke ya tara shugabanni a wani sansanin sojan sama a Dayton na jihar Ohio kwana ashirin da ɗaya, sannan dakaru 60,000 suka shiga don tabbatar da abin da aka rubuta. Yaƙi ya tsaya, bai kuma dawo ba. Amma jakada yana sauri, kuma hanya mafi sauƙi ta raba mulki ita ce a ƙirga mutane da sunan ƙabila da addini a raba musu kujeru. Tsarin Dayton ya keɓe shugabancin ƙasa ga Bosniyawa Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa, har sai da wani Bayahude da wani ɗan ƙabilar Roma suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ta ce a 2009 an nuna musu wariya. Labanon ma haka take. Yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989 ta raba majalisa rabi da rabi tsakanin Kirista da Musulmi, shugaban ƙasa ya ci gaba da zama Kirista Maroni, firaminista ɗan Sunna, kakakin majalisa ɗan Shi'a. Ta kawo ƙarshen yaƙin shekara goma sha biyar, ta kuma bar ƙasar da tsarin da ya sa ta zauna ba shugaba daga Oktoba 2022 zuwa Janairu 2025.

Illa ta biyu ta fi wannan muni. Jakadu da yawa sun tashi da tunanin cewa addini ƙura ce da za ta kwanta in an gyara tattalin arziki da tsaro. Da wannan tunani aka ƙulla yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa a asirce a 1993, aka ɗage batun Ƙudus zuwa gaba, ba a nemi malamai na kowane ɓangare ba. Waɗanda aka bari a waje suka ba da amsa da jini. A Fabrairu 1994, cikin Ramadan, wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna ya buɗe wuta a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron ya kashe masallata 29. Hamas ta shiga kai hare-haren ƙunar baƙin wake. A 4 ga Nuwamba 1995 wani ɗalibi Bayahude mai tsattsauran ra'ayin addini ya harbe firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin. Da aka koma Camp David a 2000, harabar Masallacin Ƙudus tana cikin manyan duwatsun da tattaunawar ta yi karo da su. Sai a Janairun 2002 shugabannin Musulmi da Kirista da Yahudawa suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa a Iskandariyya, bayan wuta ta riga ta kama. Fili ana iya auna shi a raba, a biya diyyar ragowar. Abin da mutum ya ɗauka amanar Allah ce a hannunsa kuwa, yi masa tayin kuɗi a kai zagi ne.

Inda addini ke tsakiyar faɗan

To, in haka ne, ai a irin wannan rikici ne ya kamata a kira malami? E, amma ba don ya zauna a kujerar tsakiya ba. Malamin da ke da amfani a nan shi ne na cikin gida, wanda zai juya ga mutanensa ya ce musu sassaucin nan halal ne.

A Agusta 2004 mayaƙan Muƙtada al-Sadr suka yi mako uku suna fafatawa da sojojin Amurka a kewayen hubbaren Imam Ali a birnin Najaf na Iraƙi. Wakilan gwamnati sun gwada sun gaza. Babban malamin Shi'a Ayatullah Ali Sistani ya dawo daga jinya a Landan, ya shiga birnin, cikin kwana biyu mayaƙan suka fice, aka miƙa makullan hubbaren ga ofishinsa. Ba baƙo ne mai adalci ba, babba ne a gidan, wanda ƙaramin ba zai iya musa masa a bainar jama'a ba. Yaƙin Iran da Iraƙi ma darasi ne. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta kafa kwamitin sulhu a 1981 ƙarƙashin Ahmed Sékou Touré na Gini, ya yi ta zirga-zirga a banza. Ƙuduri mai lamba 598 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka zartar a 1987, shi ya zama tsanin sauka, amma bai yi aiki ba sai da Ayatullah Khumaini da kansa ya fito a Yuli 1988 ya ce ya karɓa, yana kwatanta hakan da shan guba. Da wani ne ya faɗa a Tehran, da an kira shi maci amana.

Wani lokaci kuma rigar addini ce kawai rikicin ya sa. Shekaru aka yi ana fassara gabar Saudiyya da Iran da cewa tsohuwar rigimar Sunna da Shi'a ce, musamman bayan yanke hulɗa a Janairun 2016 da ya biyo bayan zartar da hukuncin kisa kan Sheikh Nimr al-Nimr. Wa ya maido da hulɗar a Maris 2023? Ƙasar Sin, wadda jam'iyyar gurguzu ke mulki, bayan Iraƙi da Oman sun share fage. Ba a tattauna khalifanci ko imamanci a Beijing ba. Buɗe ofisoshin jakadanci aka tattauna, da mutunta 'yancin juna, kuma Sin na sayen mai daga ɓangarorin biyu, ba wanda ke son ɓata mata rai.

Akwai kuma lokacin da malami kansa ɓangare ne. Shugaban Cocin Otodoks na Rasha, Kirill, ya sa wa yaƙin Yukren albarka a fili, don haka babu maganar ya raba. Da Fafaroma Francis ya tura Matteo Zuppi a 2023, shi ɗin dai na Mozambik wanda yanzu kadinal ne, ya je Kiev da Mosko da Washington da Beijing, amma aikin ya taƙaita ga batun maido da yara da musayar fursunoni. Yarjejeniyar fitar da hatsin Yukren ta Yuli 2022 kuwa Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla ta, don Turkiyya ce ke riƙe da mashigin da jiragen za su bi.

To, wace ƙofa za a fara ƙwanƙwasawa?

Ni a ganina tambayar farko ita ce: me ya hana su sulhu? In sun gaji da faɗa, kowa ya san ba zai ci nasara ba, abin da ya rage kawai ba mai son a ce shi ya fara miƙa hannu, a nemi mutumin addini, musamman in ɓangarorin biyu suna girmama shi kuma ba aƙida ake jayayya a kai ba. Haka nan in ɗaya ɓangaren ƙungiya ce da gwamnatoci ke gudun a gan su da ita. In kuwa tsoro ne ya hana, kowa na ganin ranar da ya ajiye makami ranar za a gama da shi, to ba addu'a yake nema ba, lamuni yake nema, kuma mai soja da kuɗi ne kaɗai ke iya ba shi. In ɗaya ɓangaren yana ganin nasara a gabansa, kamar janar-janar ɗin Aljeriya a 1995, tura limami ɓata masa suna ne kawai. Bishop-bishop na Kwango sun ɗanɗana wannan: sun ƙulla yarjejeniya a 31 ga Disamba 2016 cewa za a yi zaɓe kafin ƙarshen 2017, wata uku bayan nan suka janye don gwamnatin Joseph Kabila ta ƙi motsi, zaɓen bai yiwu ba sai Disamba 2018.

In da za a tilasta mini in ɗauki ɗaya tak, jakada zan ɗauka, don yarjejeniyar da ba mai tsaya mata takarda ce kawai. Amma ba kasafai ake tilasta wa kowa haka ba, kuma Ailan ta Arewa ta nuna yadda ake jera su. Rikicin da ya ci rai kimanin 3,500 tsakanin masu son zama da Birtaniya, akasarinsu Furotesta, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, akasarinsu Katolika, ya fara samun kafa ne ta hannun wani limamin Katolika, Alec Reid na gidan ibadar Clonard a Belfast. Shi ya haɗa John Hume, ɗan siyasar Katolika mai ƙin tashin hankali, da Gerry Adams, shugaban jam'iyyar da ke da alaƙa da mayaƙan IRA masu yaƙar Birtaniya, a 1988, lokacin da zama da Adams abin kunya ne ga duk ɗan siyasa. Da magana ta nuna, sai limami ya koma gefe. Tsohon sanatan Amurka George Mitchell ya jagoranci zaman, gwamnatocin Landan da Dublin suka tsaya a baya, aka sa hannu a 10 ga Afrilu 1998.

Saura batun makaman IRA. Wani janar ɗan Kanada, John de Chastelain, shi aka ɗora wa tabbatar da an lalata su, amma Furotesta da yawa ba su gamsu da rahoton hukuma ba, IRA kuma ta ƙi yarda a ɗauki hoto. A Satumba 2005 aka sake nemo masu addini biyu, Alec Reid da wani faston Metodis, Harold Good, suka tsaya suka gani da idonsu suka ba da shaida. Duk da haka sai da aka jira mutum ɗaya. Ian Paisley, fasto kuma ɗan siyasa, ya shafe shekaru yana cewa a'a daga kan mumbari, har yarjejeniyar 1998 ma ya yaƙe ta. A Mayu 2007 ya karɓi rantsuwar zama shugaban gwamnatin yankin, mataimakinsa kuwa Martin McGuinness ne, tsohon kwamandan IRA.